Ki Biyo Ni Arewa, Armande

Tsibirin Oléron,
Talata, 14 ga Oktoba, da la'asar.

Zuwa ga Armande, sanyin idona, fitilar gaɓa da jirgin zuciyata ke nema idan hazo ya rufe teku. Ke ce ranar nan da ke ɓullowa da yamma bayan an wuni ana ruwa, an fid da rai da ita, sai ta zuba zinariya a kan igiyar ruwa, har tsuntsaye su manta da komawa sheƙa. Ina gaishe ki gaisuwa mai faɗin tekun nan, ko da yake tsakanin motar kwanana da taki taku shida ne kacal. Na ƙirga.

Ina hango ki ta tagarki yanzu, kin ɗaure gashinki da ɗankwalin nan shuɗi, kina yanka albasa, kina haɗa mini guzurin hanya. Za ki ce me ya hana ni takowa in faɗa miki da baki? Wallahi na gwada, sau uku tun safe. Shekara talatin na yi a jirgin kamun kifi ina kwarara ihu cikin guguwa, muryata ba ta taɓa ƙin fita ba, sai yau a gabanki. Alƙalami kuwa, da yake sai da na kai arba'in da bakwai muka san juna a makarantar yamma ta manya, ya fi bakina haƙuri. Yana jirana in nemo kalma.

Armande, na zama kaka! Na san kin ji, duk filin ajiye motocin nan ya ji, amma bari in rubuta in ga yadda yake a takarda: ni, Corentin, na zama kaka! Shekara goma sha ɗaya 'yata Rozenn tana jiran wannan rana, har ta daina bi ta layin da ake sayar da kayan jarirai. Ina tsaye ina cika tankin mota da ruwa wayar ta yi ƙara. Ta ce, "Baba, zauna tukuna." Na ce, "A zaune nake," alhali tiyo na hannuna. Ta ce, "Mace ce, Baba. Sunanta Aziliz. Ta ƙi jiran watanta ya cika, taurin kan nan naka ta kwaso." Ban san lokacin da na saki tiyon ba. Ina bi mota-mota ina bubbuga ƙofofin mutane, ruwa na malala a ƙasa, har Dédé na Limoges, maƙwabcinmu mai tumbin nan, ya leƙo yana cewa, "Kai tsoho, kai ne ka haihu? Rufe famfon nan kafin ka nutsar da mu!" Kin ga hoton. Kin ga ɗan kunnen nan kamar ƙaramar ƙumbar da ruwa ya wanke ya ajiye a yashi? Kin ga yatsun? Tun safe ji nake kamar an cire mini duk nauyin shekaruna saba'in da ɗaya an rataye a ƙusa.

Ke kuma kika riƙe fuskata da hannu biyu, kika sumbace ni a kumatu, dama da hagu, idonki cike da hawaye. Sannan kika ce, "To me kake jira, ɗan arewa mai taurin kai? Gobe ka kama hanya. Ni ma sai in matso da tafiyata in hau jirgin fito a Royan, tunda ba wanda zan jira." Kika juya kika shiga neman albasa. Haba, Armande! Ba wanda za ki jira? Maganar nan ta shige ni kamar ƙugiya a tafin hannu, kuma har yanzu tana nan.

Bazara uku ke nan muna wannan tafiya. Mu haɗu a Crozon cikin watan Mayu, inda na fara ganin motar kwananki a karkace, miyarki ta taru a gefe ɗaya na tukunya, na ara miki katakon daidaita taya kika ce ba ki roƙi kowa ba, kika karɓa. Mu gangaro a hankali: Quiberon, filayen gishirin Guérande, doguwar gadar Saint-Nazaire da iska ke kaɗa mu a kanta kamar wanki a igiya. Mu yi kwana biyu nan, uku can, mu yi gardamar man shanu kowace safiya, ke kina cewa mai gishiri na mutanen da harshensu ya mutu ne, ni ina cewa naku na yankin Charente maiƙo ne kawai. Kullum ke a gaba, ni a baya. Babu mahaluƙin da ya san bayan motarki kamar ni: keken da kika ɗaure da jar igiya, fitilar hagu mai tsaga, ɗan lotsawar da kika ce bishiyar ce ta matso. Idan Oktoba ta ƙare mu isa Royan, ki hau jirgin fito ki nufi Portugal neman rana, ni in tsaya a bakin ruwa ina ɗaga hannu har farin rufin motarki ya saje da tsuntsayen teku. Sannan in juya arewa ni kaɗai, ba abin da nake bi sai kwalta.

Kin tuna ranar da muka ratsa Gois? Hanyar nan da teku ke haɗiyewa sau biyu a yini, ya kuma amayo ta. Muka jira ruwa ya janye, muka shiga, kwalta a jiƙe tana ƙyalli, ciyawar teku a shimfiɗe a kanta, dama da hagu babu komai sai taɓo mai sheƙi kamar azurfa da sararin sama kwance a cikinsa. A tsakiya kika ratse kika tsaya, kika fito ba takalmi, da bokiti da ɗan cokalin tona ƙumba. Na bi ki. Taɓo na fitowa ta tsakanin yatsunki kina dariya kamar yarinya. Na ga iska ta sauya, na ji warin ruwa mai dawowa, na ce, "Armande, mu tafi." Kika ce, "Allon bakin hanya ya ce da sauran rabin awa, malam masunci." Na ce allo bai taɓa kwana a teku ba. Kika dube ni, kika miƙo mini hannunki, taɓo da duka, muka koma a guje-guje irin na tsofaffi. A ranar na fara riƙe hannun nan. Ashe tsakiyar teku, inda babu gida babu bishiya, mutum zai iya jin ya iso gida? Har yau idan na rufe ido a can nake, ruwa bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba.

To ga roƙona, ya furen gishirin da iskar gabas ke tarawa a saman ruwa, wanda ba a kwasarsa sai da hannu mai taushi: kada ki hau jirgin fiton nan bana. Ki biyo ni arewa. Ki zo garinmu Douarnenez ki ɗauki Aziliz a hannunki.

Na san abin da za ki ce, don kin taɓa faɗa mini a Saint-Gilles muna gasa kifin sadin. Kin ce Allah bai ba ki haihuwa ba, kin gaji da zama a ƙarshen teburin mutane ana miƙo miki jarirai don tausayi, shi ya sa kika zaɓi gida mai taya huɗu, wanda idan zama ya yi nauyi sai ki murza makulli. Na ji, kuma na riƙe. Amma ni ba tausayinki nake ji ba, Armande. Kaina nake tausaya wa. Farin cikin nan ya fi ƙarfin ƙirji ɗaya. Wurin wa zan juya in ce, "Dubi, ta yi hamma"? Wa zai gaya mini na riƙe ta kamar kwandon kifi? Idan na tsaya a gefen gadonta ke kina bakin wani teku kina ɓare lemo, rabin idona ne kawai zai gan ta.

Ban ce ki bar motarki ba. Ban ce ki ɗauke hular marigayi Firmin daga kujerar gefenki ba. Mijinki ne na shekara arba'in, ya riga ni zama a wurin, kuma ina gaishe shi a zuciyata duk sanda na wuce tagar. Ni ma rigar girkin matata Annaïg tana nan rataye bayan ƙofata tun rasuwarta, ba ki taɓa cewa uffan ba. Mu huɗu muke wannan yawo tun farko, kuma ba mu taɓa takura wa juna ba. A tsakar gidana akwai fili ƙarƙashin ɓaure, shimfiɗaɗɗe, ba ya buƙatar katako. Wayar lantarki tana kaiwa. Ki kwana a gadonki, ki rufe ƙofarki, makullinki na aljihunki. Ranar da kika ji zaman ya ishe ki, ni da kaina zan buɗe miki ƙyaure.

Ba zan yi miki ƙarya ba: babu ranar Portugal a wurinmu. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ake yi, wani a tsaye, wani a kwance, gwiwarki kuma za ta yi ƙorafi. Abin da nake da shi shi ne murhu mai jan wuta da kyau, da wainar baƙar alkama da na iya juyawa ba ta yage ba, da taga mai kallon tashar jirage, inda hazo ke tashi da safe a hankali kamar ana yaye wa amarya mayafi. Ina ganinmu a wurin, ke a kujera mai lilo, jaririyar na barci a ƙirjinki, numfashinta na tafiya daidai da na teku. Ina ganin wata bazara can gaba, ta fara tafiya, mun kai ta Gois, tana tsakaninmu, kowa riƙe da hannu ɗaya, taɓo na ba ta mamaki. Me za ta kira ki? Ban sani ba. Yara su ke raɗa wa mutum suna, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Ga yadda za mu yi, don kada ki sha wahalar ba ni amsa ido da ido. Zan saƙale takardar nan ƙarƙashin waifar gilashin motarki idan kin tafi sayen burodi. Gobe da ƙarfe tara zan tayar da mota, kuma wannan karon, ki yi haƙuri, ni ne a gaba. Za mu haye gadar tsibirin tare. A shataletalen Marennes hanya ta rabu: ɗaya ta yi Rochefort da arewa, ɗaya ta yi Royan. Ni arewa zan yi, ko da ke ko ba ke, don jikata tana jira, kuma na san da na yi akasin haka ke ce za ki fara raina ni. Idan kika zaɓi kudu, ki danna mini ham sau ɗaya, in san kin tafi lafiya. Ba zan yi fushi ba. Zan yi kuka kaɗan wajen Rochefort, in share, kuma ranar ɗaya ga Mayu za ki same ni a Crozon na tare miki wurin da ya fi kallon teku. Idan kuwa ban ji ham ba... kai, Armande, ba zan iya ƙarasa wannan layin ba.

Saura abu ɗaya, gara ki ji daga gare ni. Ɗazu Rozenn ta sake kira daga gadon asibiti. Ta ce ranar Lahadi za a sallame su, mijinta zai yi girki, kowa zai hallara. Sannan ta ce, "Baba, matar nan da kake ta ɓoye mana bazara uku, wadda muryarka ke canzawa idan ka ambaci motarta, faranti nawa za mu ajiye maka?" Ban nemi izininki ba. Ban ma yi tunani ba. Na ce biyu. Ta ce, "Yawwa. Ka ce mata kusa da ni za ta zauna, don ina buƙatar wadda za ta karɓi yarinyar in samu in ci abinci."

Ni ne naki, a hanyar arewa ko ta kudu, muddin akwai numfashi a ƙirjin nan,

Corentin,
kakan Aziliz tun ƙarfe takwas da kwata na safiyar yau.