Lallena da Babban Yatsan Bajamushe

Zuwa ga Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Tassiou da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu ma a Greensboro lafiya lau, maigidana Mamane ya daina tarin nan da ya dame shi.

Yaya, saura ƙiris lalle ya raba ni da aikina. Gidan tarihin da nake aiki ya aro littattafan zane goma sha ɗaya na wani Bajamushe da ya rasu fiye da shekara ɗari. Suna cikin akwatin gilashi, kowace Litinin ni da shugabata Tabitha muke juya shafi. Ba a sa safar hannu, wai tana yaga takarda, sai dai a wanke hannu tas. To, ranar Asabar aka yi sunan jaririyar ƙawata Leïla a unguwar Glenwood, kin kuwa san ni, ba na zuwa suna da farin hannu. Lallen ya kama ja wur.

Ranar Talata ina goge gilashi sai na hango shatin babban yatsa, ja-ja, a gefen shafin da na juya, daidai ƙafar wata tsohuwa mai kiwon agwagi. Na san busasshen lalle ba ya zuba, amma tsoro ya mantar da ni. Na je na nuna wa Tabitha hannuna, na ce ni ce. Ta ce kada in ƙara taɓa littafin sai ta ji daga Jamus. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Mamane kuwa sai tsokana, wai ga matar da ta ƙunsa wa Bajamushe lalle.

Ranar Juma'a masu littafin suka aiko daga Jamus da hoton shafin, wanda aka ɗauka tun kafin a haifi Inna. Shatin yana nan. Ashe yatsan mai zanen ne da kansa, jan allinsa ya shafa. Wallahi sai da na zauna a ƙasa don daɗi. Tabitha ta ce in ɗora yatsana a kan gilashin mu gwada, sai ga nasa ya yi biyun nawa.

Ki gaishe da Inna, da Kawu Adamou, da Kubura. Idan kin sami mai zuwa, ki aiko mini da lallen Damagaram, amma daga yau a ƙafa zan riƙa sawa.

Ƙanwarki,
Fourera