Miyar Ranar Haihuwar Yerim

Baban Yerim,

Na wuce shago, ban so in tashe ka ba. 'Yarka ta kira daga Hong Kong. Har yanzu da jakar nan a bayanta take yawo, muryarta duk ta dishe. Wai yau za ta hau wani dutse a bakin teku, igiya kawai a ƙugu.

Ta ce, "Umma, yau fa ranar haihuwata, kin dafa min miyar ganyen teku?"

Na ce, "Miya mai santsi, kina rataye a jikin dutse? Ko ranar jarrabawarki ban dafa ba, don kada ki zame."

Ta yi ta dariya, wai ƙauyancina ya biyo ta har ƙetaren teku.

Ƙarya na yi mata, na dafa. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa fashi ba, hannuna ya ƙi bari. Tana kan murhu. Don Allah kada ka ɗanɗana sai ta aiko cewa ta sauko lafiya.

Kwano uku na jera, har da nata, na sani. Ka bar shi a wurin.

Sunhwa