Gawar Marsaili MacPhail Za Ta Bi Hanyar Teku Ba Da Makullin Kowa Ba

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Ƙananan Manoma Masu Noma da Takin Gargajiya ta Sandrabost, a nan tsibiran yammacin Scotland, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, tsohuwar Shugabar Kwamitin Makiyayar Gari, Dattijuwa Uwargida Marsaili MacPhail, wadda Allah ya yi wa rasuwa ranar Litinin da hantsi a gidanta, tana da shekara saba'in da tara, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da ita tun shigowar sanyi. Ta bar mijinta, Dattijon Coci Ruairidh MacPhail, da 'yarta Uwargida Eilidh wadda ke riƙe da gonar gidan, da jikoki, da kuma mu da ta bari da aiki a hannu.

Duk wanda ya taɓa riƙe garma a Sandrabost ya san gonakinmu rairayi ne zalla, kuma abin da ke riƙe su shi ne ciyawar teku da guguwar sanyi ke watsowa gaɓa, mu kwasa mu baza kafin huɗa. Lokacin da takin zamani ya shigo cikin buhuna masu ƙyalli, gari ya yar da cokulan kwasar taki, marigayiya kaɗai ta ci gaba da gangarawa bakin ruwa da tsohuwar taraktarta, ana toshe hanci idan ta wuce, ita kuwa ko a jikinta. Da iska ta fara kwashe gonakin maƙwabta tana zubawa a kan titi, ƙofarta aka dawo ana ƙwanƙwasawa. Ba ta hana kowa tsohon irin sha'ir da ta adana ba, amma ba wanda ya fita da shi sai ya sha shayi ya kuma sha faɗa. Ba mace ce mai sauƙin harshe ba, ba kuwa za mu yi mata ƙarya yau don ta mutu ba. Da wannan harshen ta haɗa kanmu, har muka samu shaidar cewa sha'irinmu da dankalinmu da naman shanunmu ba su san sinadari ba.

Jama'a sun san abin da ya cika mata ciki a shekararta ta ƙarshe. Kamfanin da ya sayi filayen bakin teku don gina masaukin 'yan yawon shaƙatawa ya kafa ƙofar ƙarfe, ya garƙame ta da kwaɗo, a kan hanya ɗaya tilo da ke kai mu gaɓa, wai warin ciyawa zai dami baƙinsa. Don ya rufe mana baki, sai ya aiko da mota cike da takin zamani kyauta, abin da in buhu ɗaya ya taɓa ƙasarmu shaidarmu ta tafi ke nan. Marigayiya ta tare direban a bakin gari ta ce masa: "Ɗan nan, ba laifinka ba ne, aiko ka aka yi. Juya ka kai wa iyayen gidanka, su barbaɗa a shayinsu." Maganar hanyar tana gaban kotu, amma huɗa ba ta jiran alƙali. In ciyawar bana ba ta hau gonaki ba, gonar Eilidh da ta sauranmu za su tashi fayau, kuma akwai matasan da suka riga suka fara tambayar kuɗin jirgin ruwa zuwa birni.

Maƙabartarmu tana ƙarshen wannan hanya, inda iyayen marigayiya ke kwance. Jiya manajan kamfanin ya aiko da furanni da saƙon jaje, ya ce a matsayin karamci zai ba iyalin makulli na yini ɗaya domin jana'iza. Mun karɓi jajensa kamar yadda ake karɓar na kowane ɗan Adam, furannin kuma suna coci. Makullin ne muke sanar da duniya cewa ba mu karɓa ba, ba kuma za mu karɓa ba. Hanyar da jama'a suka tashi suna bi ba da izinin kowa ba, tasu ce. Ranar da suka miƙa hannu suka amshi makulli, sun yarda da bakinsu cewa aro ake ba su. Marigayiya ta hango wannan tun tana kwance, domin da na je gaishe ta makon jiya ta kama hannun rigata ta ce: "Kai Tormod ɗan Iain, na san ka da son a rabu lafiya. Za su zo muku da fara'a ranar da na mutu. In ka kuskura ka karɓi makullin nan, gara ku bar ni a rumbu tare da dankali." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

A madadin Shugaban Ƙungiya, Dattijo Murchadh MacInnes, da Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Dattijo Ruairidh, wanda ya yi rashin abokiyar zama da abokiyar gardama, da Uwargida Eilidh da sauran zuriya. Ubangiji ya ba ku ƙarfin zuciya da juriya, ya share muku hawaye, ya ba marigayiya hutawa bayan doguwar wahalarta. Mu ma zukatanmu a karye suke, kuma ba mu ɓoye cewa akwai fushi a ciki.

Da yardar iyalin, za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan addu'a a coci, wadda Mai Girma Rabaran Alasdair MacCuish zai jagoranta. Za a ɗauki akwatin a ƙafa, maza suna karɓa-karɓa yadda aka saba. Ba za mu fasa kwaɗon kowa ba. Ƙofar ƙarfen nan dai, kamar kowace ƙofar gona, ɗaga ta ake yi daga maratayinta, kuma Dattijo Ruairidh ya ce shi zai fara sa hannu, ko da sai an riƙe shi. Za mu jingine ta a gefe mu wuce da uwarmu. Masu zuwa su sa baƙaƙen kaya, amma su zo da takalman gona da cokulan kwasar taki, domin taraktoci za su biyo bayan gawa, kuma bayan mun rufe ta ba taraktar da za ta hau gari fanko, sai da lodin ciyawar teku.

Tormod MacRitchie
Kakakin Ƙungiyar Ƙananan Manoma Masu Noma da Takin Gargajiya ta Sandrabost