Man Lin a Kunun Inna

Yaya Mu'azu,

Na tafi da Inna unguwar Talladje, gidan Gwaggo Aisa. Ban jira ka dawo daga kanti ba, don in na gan ka yanzu zan faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakin ƙanwa ba.

Ba a yi mata aikin ba. Likita ya tambaye ni ko tana shan wani abu ban da maganin tansiyo, wato hawan jini, da na tsinka jini, na ce wallahi babu. Sai Inna da kanta ta ce, "Sai dai man lin ɗin nan da Mu'azu ke zuba mini a kunu." Likita ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce man lin, wannan man 'ya'yan tsiro da ake sha don ƙarin lafiya, yana iya ƙara tsinka jini, ba zai taɓa ta da wuƙa ba sai ya bar jikinta. An ɗaga randebu, wato ranar aikin, mako biyu, ga ta tun jiya ba ta ci komai ba.

Ranar da dasashinta ya fara jini, ka ce mini ka zubar da shi. Yau na gan shi a ƙasan firigo, ka juye shi a kwalbar man zaitun.

Kar ka aiko mata da komai, ko da zuma ce. In za ka zo, ka zo hannunka kawai.

Na rantse da Allah a gaban likita, Yaya, kuma a kan maganarka na rantse.

Samira