Kwandon da Aka Kawo wa Sauro

Daga gida, Jawa ta Tsakiya,
12 ga watan Shawwal.

Zuwa ga ƙanena Wiyoto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya sassauta maka sanyin Koriya da tsayuwar masana'anta. Mu nan an yi Sallah lafiya. Gwiwar mahaifiyarmu ta yi sauƙi, har Mak ɗin ta je idi da ƙafarta, ko da yake ta dawo tana mita wai limamin bana ya cika jan huɗuba. Rumfar abincina ta tasha tana nan, direbobi na cin shinkafa da tempe na waken soya suna zagin gwamnati kamar kullum. Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro alhali ga waya a hannunmu. Da gangan na ba Pak Darmo ya kawo maka hannu da hannu tunda zai koma bakin aikinsa can Koriya, don maganar ba ta waya ba ce, kuma kwanakin nan ba kowa nake sakin jiki da shi ba.

Maganar yayanka Gunarto ce. Ka san shekara shida ke nan yana zanen barkwanci a jaridar Lahadi da sunan Sauro, mutanen gari kuwa fentin allunan shaguna kawai suka san shi da shi. Mu huɗu muka san sirrin: ni, kai, matarsa, sai editansa Pak Hardiman. Gab da azumi ya zana gadar nan da aka yi bikin buɗewa sau uku, amma har yau ko keke ba ya hawa. Ya sa shugaban yanki a cikin kwalekwale da ƙaton almakashi, yana yanka ƙyallen buɗewa a tsakiyar kogi. Zanen ya zaga gari, har wani direba ya manna shi a bangon rumfata, na ɓare na ce masa nan wurin cin abinci ne, ba majalisa ba.

Ka san al'adar manya in Sallah ta matso. Kwanduna naɗe da leda ake rabawa gidajen 'yan jarida, wanda ba ya so a ce an saye shi sai ya mayar da nasa a ɗaure yadda ya zo. Saura kwana uku Sallah sai ga mota ƙofar gidan Mak. Lura fa, ba gidan Gunarto ba, gidan tsohuwa suka zaɓa. Direban ya sunkuya ya sumbaci hannunta, ya roƙe ta ya ɗauke ta hoto riƙe da kwandon, wai don maigida ya san saƙo ya iso. Ita kuwa har da gyara ɗankwali da murmushi. Kafin in zo ta yage ledar, ta raba wa maƙwabta gwangwanin biskit biyu, kwalbar sirof mai zaƙi kuma an dama an sha ruwa da ita. Can ƙasan kwandon na tarar da akwatin alƙaluman zane masu tsada, da kati an rubuta barka da Sallah ga Sauro. Da na hau ta da faɗa, ta ce ita ina ta san wani sauro, ta ɗauka kai ne ka aiko, kuma a gidan ubanta ba a koya mata mayar da kyauta ba, in haushi nake ji in fara amayar da biskit ɗin da na ci. Gaskiya kuwa na ci guda biyu kafin in ga katin.

Gunarto da ya ji, ko tsawa bai yi mata ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Ya ce min sun gama da shi ba tare da sun taɓa shi ba. In ya ci gaba da cizo, hoton Mak da kwando zai fito a shafukan intanet da suke biya, a ce ashe Sauro ma ci yake. In ya yi laushi, an saye shi da biskit. Lahadi biyu ke nan jaridar ta fito babu zanensa, tallar gaisuwar Sallah ta shugaban yanki aka cike gurbin da ita.

Tun ranar nake lissafin wa ya kai sunansa. Shi Gunarto ya kafe a kan Pak Hardiman ne, wai jaridar ta koma rayuwa da tallar gwamnati, kuma tsohon ya fara magana da sanyin murya irin ta wanda ya ƙoshi. Ni ma na zarge shi, har ya zo cin abinci na zuba masa miya ba nama, ya dube ni ya ce Mbak Rukmini yau kaza yajin aiki take yi ne? Amma mutumin nan sau biyu ana kiransa ofishin 'yan sanda kan zanen Sauro, bai taɓa buɗe baki ba. Sai hankalina ya koma kan Sarwoto, mijin ƙanwarmu Tumini, tunda a ofishin yaɗa labarai na yanki yake aiki. Ranar Sallah da ake yafe wa juna, Sarwoto ya riƙe hannun Gunarto ya daɗe bai saki ba, yana dariya wai Mas, wato Yaya, hannun nan akwai baiwa, asara ce ya ƙare a allon masu aski. To amma shi Sarwoto, wanda ko sunan angon da ya ci tuwon bikinsa ba ya riƙewa, a ina ya samo?

Wiyoto, abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, kuma ina rubutawa raina a ɓace. Shekaranjiya ina duba tsofaffin hotuna a zauren danginmu na waya, sai na ga wanda ka turo ranar farko ta azumi, kai da abokanka kuna buɗa baki a ɗakinka. A bangon bayanka akwai zanen da Gunarto ya ba ka ranar da za ka tafi, ka sa masa gilashi. Na sa yatsu biyu na buɗa hoton. Ga sa hannun Sauro, ga kuma rubutun da ya yi maka a ƙasa, daga yayanka Gunarto, ana karanta shi tsaf. Mutum arba'in da uku ne a zauren nan, kuma Sarwoto ne na farko da ya yaba hoton. Ban ce ka yi da nufi ba. Na san alfahari kake da shi, shi ya sa ka rataye shi inda za ka riƙa gani. Ba ni kuma da tabbacin ta nan aka bi. Amma Gunarto ya ce maka ka ɓoye zanen, ina tsaye ya faɗa, ka ce masa haba Mas, sai ka ce yaro.

Ban gaya masa ba. Matarsa ta ce min ya zana Pak Hardiman da igiya a wuya ana jansa, yana jiran ƙarshen wata ya saki zanen a waya, ya raba gari da mutumin da ya tsaya masa shekara shida. Jiya ma a rumfata Gunarto yake ce min duk duniya ta lalace, amma Alhamdu lillahi shi dai 'yan'uwansa bakinsu da kwaɗo. Na juya na ci gaba da suya don kada ya ga fuskata. Ba zan iya riƙe wannan har ƙarshen wata ba, kuma ba daga bakina ya kamata ya ji ba. Ka kira shi ranar da takardar nan ta same ka, ka gaya masa da kanka, ka bar shi ya zage ka iya son ransa.

Mak tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa. Matar Gunarto da 'yarsu Ningsih suna gaishe ka. Tumini ba ta san na rubuto ba, kada ka ambata mata. Ka gaida Pak Darmo da godiya. Allah Ya tsare ka, Ya rufa mana asiri.

Ni ce yayarka, mai ƙaunarka duk da haka,
Rukmini