Ɗakin da Na Zaɓa Kusa da Ruwa

Legas, Yuli 2007

Yaya Abdurrahim,

Bayan gaisuwa, ya Inna, ya mutanen Jahun? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Na sami ɗaki. Dillali ya nuna min taswirar gari a kwamfuta, wai kowane jan ɗigo ɗakin haya ne. Ban gane komai ba. Na ga wani shuɗin layi, ya ce ruwa ne. Na tuna wahalar matata Zaituna wajen jan guga, sai na zaɓi ɗigon da ke kusa.

Yaya, ashe ƙatuwar kwata ce. In an yi ruwan sama har tabarmata take zuwa.

Ka ce wa Zaituna ta dakata da tahowa tukuna. Kada ka faɗa mata dalili.

Inna ta sa min albarka.

Ƙaninka,
Misbahu