Ɗamarar Suruki

Wudil,
10 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga uwargidana Hansai,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, karatun ungozoma yana shiga, kuma ruwan Kaduna ya karɓe ki. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ranar Juma'a bayan an tashi daga kasuwa na je gaida Inna, ta ce in gaya miki gwiwar ta yi sauƙi. Kajinki suna nan, sai dai zakaran nan ya raina ni tun da kika tafi.

Kin tambayi labarin jemagunmu, wato fiffiken ƙyallen nan da muke tashi sama da shi, kuma na ji dariyar da ke ƙarƙashin tambayar. Yi abarki. Tun da ba ki taɓa yarda kin taka filin Lajawa ba, bari in gaya miki inda aka kwana. Baturen famfon nan da ya koya mana tashi ya koma ƙasarsu, ya bar mini rajista da hatimin Ƙungiyar Masu Fiffike ta Wudil. Yanzu mijinki ne sakatare, shi ne kuma malamin tashi guda ɗaya tak da ya rage. Mu goma sha ɗaya ne a rajista, amma mutum goma sha tara sun kawo hotunansu suna jiran kati, don tun da ƙarin albashin Udoji ya sauka duk wanda ya sayi babur sai ya fara kallon sama. Uwar ƙungiyar da muke ƙarƙashinta a Turai kuwa ta ce ba za mu ɗauki sabon mamba ko ɗaya ba sai muna da malamai biyu.

Mutum ɗaya ne ya cika tashi talatin ɗin da ake bukata kafin jarrabawar malanta, kuma mahaifinki ne. Ki daina cewa tsufa ne ya zo wa Baba da ƙuruciya. In Isyaku direba ya ja igiya da Landiroba, fiffike ya ɗauki Baba, babu mai sarrafa sandar tuƙi da natsuwarsa, har ni da na riga shi farawa.

Abin da ke damuna shi ne doka ta uku. Mai tashi yana sanye da ɗamara, ɗamarar tana da ƙugiya, ƙugiyar ce kaɗai ke riƙe shi a jikin fiffike. Kafin a ja igiya dole wani ya durƙusa a gabansa, ya kama ɗamarar daidai ƙugu ya fizga da ƙarfi, ya kira shi da sunansa na yanka ya ce an rataye shi, shi kuma ya amsa. Sannan ni in rubuta “an duba”. To ki gaya mini, wa zai sa hannu a ƙugun Baba? Gwadabe malamin gona ɗan abokinsa ne, Isyaku a gidansa yake cin tuwo, ni kuwa kin san ni: in na hango shi takalmina na fara cirewa. Shekara biyar da aurenmu ban taɓa kallon idonsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Malam. Haka nan shi bai taɓa durƙusa wa kowa ya duba shi ba.

Sau talatin na rubuta “an duba” a gefen sunansa, kuma ko sau ɗaya ba a duba ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Ina jin nauyin abin a raina, kuma na ƙudura zan gyara kafin in taɓa hatimin nan.

Ki gaida abokiyar ɗakinki Murja. Ki riƙa cin abinci.

Naki,
Halliru.

Wudil,
7 ga Fabrairu, 1977.

Hansai,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina so ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Kowa lafiya, Baba ma lafiya, wannan na fara faɗa. Amma gara ki ji labarin daga gare ni kafin ya iso miki ta bakin ’yan mota.

Jiya Lahadi muna fili, ranar da aka sa don jarrabawar Baba. Na kwana uku ina shirya yadda zan roƙe shi ya bari a duba shi, da na zo gabansa sai na tarar da kaina a tsugune ina yi masa ina kwana. Kin san ba ya tuɓe kaftani a gaban jama'a, a kansa yake ɗaura ɗamarar. Ya ɗaga fiffike ya tsaya, Isyaku ya ta da mota, Gwadabe ya ɗaga tuta. Ni kuma na buɗe rajista, har na ɗora alƙalami.

Allah ne ya sa na ɗaga kai. Sai na hangi farin ƙyalle a bakin ƙugiya. Gefen kaftanin ne ya shige ciki, ya hana bakin rufewa. Na ce “Baba”, amma da irin muryar da na saba gaishe shi da ita, wadda ko kusa da shi kake da ƙyar za ka ji, balle injin yana ruri. Igiya ta fara miƙewa, ya fara taku. Ban san lokacin da na yar da rajista ba. Na sheƙa na rungumo shi ta ƙugu, muka zube tare cikin kututturan dawa, fiffike ya kife a kanmu. Isyaku ya ga tuta ta faɗi ya taka birki.

Hansai, rabin Lajawa suna wurin, har da mai unguwa. Sun ga miji ya ka da uban matarsa a ƙasa. Baba ya miƙe ya karkaɗe jikinsa, ya dubi ƙugiyar, ya ce da ta riƙe shi, ai ƙarfe ne. Ya sa Isyaku ya naɗe igiya, ya ɗauki ɗamararsa, suka tafi suka bar mu a tsaye.

Da yamma na je ban haƙuri, aka ce yana hutawa. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, da za a maimaita jiya, sake ka da shi zan yi. Abin da nake nadama shi ne sau talatin ɗin da ban yi ba.

Ban sa hannu a satifiket ɗin malantarsa ba, kuma ba zan sa ba. Ki yi mini addu'a, kada ki yi fushi da ni da yawa.

Mijinki,
Halliru.

Wudil,
8 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Hansai,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta wanda aka yi wa faɗa ya ji. Ina fata jarrabawarku ta zo da sauƙi, kuma ciwon kan da kika ambata ya tafi. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku, duk da cewa tun a karo na farko na gane saƙon. Kin ce Inna ta rubuto miki tana kuka, kin ce a kan takarda ɗaya zan raba ki da gidanku, kin ce in buga hatimin a wuce wurin tun da kowa ya san Baba ya iya.

Ya iya, ban musa ba. Amma satifiket ɗin nan ba shaidar iya tashi ba ce. Shaida ce cewa in aka miƙa masa ɗan wani, zai durƙusa ya duba shi, kuma zai koya masa cewa ba wanda ya fi ƙarfin a duba. Ke da kike koyon karɓar haihuwa, za ki yarda a ba wata shaida alhali ba ta wanke hannu, don kawai ta girme ki? Mutum goma sha taran nan abin da suka ga malaminsu yana yi shi za su yi. Wata rana wani zai ji nauyin yayansa, ya bar shi ya tashi.

Wata guda ke nan Landiroba ba ta zo fili ba, ba wanda ya tashi. ’Yan ƙungiya sun yi mini caa. Wani ya ce in damina ta sauka mai gonar da muke tashi a cikinta zai karɓi gonarsa, shekara ta wuce ke nan ba sabon mamba. Wani ya ce Bature ya tafi amma ya bar mana ɗan autansa. Masu jiran kati uku sun zo sun karɓi hotunansu.

Shekaranjiya na kira taro a makarantar da nake koyarwa. Baba bai zo ba, amma Isyaku ya zo, na kuwa san duk abin da aka faɗa zai kai gida. Na buɗe rajista a gabansu na ce laifin ba na Baba ba ne, nawa ne, don ni na rubuta abin da ba a yi ba. Na ɗauki jan alƙalami na soke tashi talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya suna kallo. Sannan na karanta musu dokar da ta ce malamin da ya yi shaidar ƙarya a dakatar da shi wata guda, na rubuta sunana a ƙarƙashinta, na buga hatimi. Gwadabe ya ce bai taɓa ganin mutum ya kori kansa da kansa ba. Ba wanda ya yi dariya.

Na san abin da na yi: yanzu Baba ba shi da tashi ko ɗaya a rajista. Ina iya rasa ƙungiyar, ina kuma tsoron ranar da za ki dawo hutu ki rasa gidan da za ki fara sauka. Wannan tsoron ya fi komai ci mini rai, don ina son ki, kin sani. Duk da haka ina nan a kan bakana. Kowace Juma'a ina zuwa ƙofar gidanku in cire takalmi in aika da gaisuwa, a ce an amsa, in juyo. Zan ci gaba da zuwa.

Ki huta lafiya. Zakaranki ya fara sakin jiki da ni, shi kaɗai ne a garin nan.

Naki har kullum,
Halliru.

Wudil,
18 ga Afrilu, 1977.

Uwargida Hansai,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, kuma zafin nan bai hana ki karatu ba. Na gode da gajeriyar wasiƙarki. Layi huɗu ne, amma na ga kin koma rubuta “mijina”, wannan ya ishe ni.

Ranar Asabar Isyaku ya zo ya ce a shirya fili. Na tambaye shi abin da ya sauya, ya yi ta kame-kame, sannan ya rantsar da ni kada in faɗa. Ke ba kowa ba ce, don haka ga shi. Ashe bayan taron nan Baba ya sa an ɗaura igiya a reshen darbejiyar tsakar gidanku. Ya sa ɗamara a kan kaftani, ya cusa gefen rigar a bakin ƙugiya daidai yadda ta kasance ran nan, don ya nuna wa Inna cewa da ta riƙe shi. Ya saki nauyinsa, ya yi lilo sau biyu, ƙugiya ta zame, ya faɗo a kan tabarma daga tsayin da bai wuce kamu biyu ba. Isyaku ya ce Baba ya daɗe zaune a wurin, sannan ya tambaye shi tsawon igiyar da muke jan fiffike da ita. Ya gaya masa.

Jiya muka hallara. Dakatarwata ta ƙare, don haka ni zan fara tashi. Na ɗaura ɗamara na ɗaga fiffike, ina jiran Gwadabe ya zo ya duba ni. Sai na ga jama'a suna darewa. Baba ne, ya tuɓe kaftani ya miƙa wa Isyaku, daga shi sai ’yar shara da wando. Ya zo ya durƙusa a gabana, gwiwa biyu a ƙasa, a idon mai unguwa da kowa. Na so in saki fiffiken in riga shi kaiwa ƙasa, amma ba dama. Ya kama ɗamarata ya fizga har na yi tangaɗi, ya shafa bakin ƙugiya da yatsa, ya ce, “Halliru, an rataye ka.”

Ban san haka sunana yake a bakinsa ba. Da ƙyar na amsa. Na tashi na ga kogi da gada da rumfunan kara, amma idona cike yake da ruwa, ban ga komai sosai ba.

Da na sauka na tarar ya riga ya sa tasa ɗamarar, ya tsaya yana jira. Gwadabe ya matso, Baba ya ɗaga masa hannu, ya nuna ni. Na durƙusa, wannan kam na saba. Na kama ƙugunsa na fizga, na duba ƙugiya, na ce Baba an rataye ka. Bai amsa ba. Ya dubi gabansa ya ce, “Ba haka aka rubuta a rajista ba.” Hansai, na faɗi sunansa na yanka. Kada ki ce in maimaita miki a nan, sau ɗaya ya ishe ni a mako.

Bai tambaye ni satifiket ba, ni ma ban ɗauko hatimi ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai gona ya ce mako uku ya ba mu, ka'ida kuwa tashi biyu ne a rana. Ba za mu cika ba bana, masu jiran kati sai kaka, na kuma gaya musu haka da bakina. Baba ya ce Isyaku ya riƙa kawo mota Asabar da Lahadi har ranar da za a yi shuka.

Inna ta aiko mini da fura, ta ce in gaya miki ki fara sauka gidan mijinki, sannan ku zo tare. Ki sanar da ni ranar da za ki taso in tarye ki a tasha.

Na buɗe sabon shafi na rubuta sunan Baba cikakke a sama. A ƙarƙashinsa akwai layi ɗaya tak, da “an duba” a gefensa, kuma wannan karon gaskiya ne. Saura ashirin da tara.

Ni ne mijinki mai jiran ki,
Halliru.